Abin da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Yanzu idan iskar bazara ta taso da hantsi, ba na jin abin da kunnena ya saba ji. A da ganyen gawo ne ke motsi, karan darni na ɗan ƙara, can a kan rumbu kuma kurciya na kuka. Yau kuwa sai fal-fal-fal, leda ce ta maƙale a ƙaya tana ta kaɗawa ba hutu. Baƙa, fara, mai ratsi-ratsi, duk itacen da ka ɗaga kai ka duba da nasa kason. Kwanan baya na hau amalanke zuwa kasuwar Guci, tun daga bakin garinmu har muka sauka idona bai huta ba, kowace magarya da kowace aduwa an yi mata ado. Na ce wa mai amalanken, wai ku ba kwa gani ne? Ya waiwayo ya ce, "Iya, me?" Kun ji fa. Wai me! Mutum da gemunsa ya girma cikin abu har ya daina ganinsa. Na ƙyale shi, don in na fara ba zan tsaya ba, kuma tafiyar da nisa.

Abin da ya sa nake wannan magana akuya ce. Ina da akuya guda, ja, mai farin goshi, 'Yar Ja nake ce mata. Ba akuyar kasuwa ba ce. Asalinta daga wata 'yar akuya ne da kakata, uwar mahaifiyata, ta naɗa min igiyarta a hannu tun ina yarinya ban fara ɗaura zane a ƙirji ba. Waccan ta haifi wata, wata ta haifi wata. Na tafi da su gidan aure, na yi hidimar suna da su, shekarun da hatsi ya ƙi na sayar da wasu muka sa a baki, amma ban taɓa bari turke ya zauna babu mace a kansa ba. To, a hankali ciwo ya ɗauki wasu, bukata ta ɗauki wasu, har abin ya zo kan 'Yar Ja ita kaɗai. Da kaka ta wuce na kai ta wajen bunsurun maƙwabta, ba a daɗe ba cikinta ya fara tasowa, na ce alhamdu lillahi. Na riga na yi alkawari, idan mace ta haifa, ta jikata ce, wadda ke karatu a Damagaram, in naɗa mata igiya a hannu kamar yadda aka naɗa min. Kullum da safe kafin in sha koko sai na je na shafa cikin nan na yi mata sannu.

Na san abin da leda ke yi wa dabba, ba yau aka haife ni ba. Na ga tumakin mutane a kan juji suna tauna ta saboda ɗanɗanon gishiri da mai, na ga sun rame sun zube. Don haka ko da rani, lokacin da kowa ke sakin dabbobinsa su bi gari, ni tawa tana ɗaure a ɗan filin da ke bayan ɗakina, cikin darnina, da doguwar igiya don ta miƙe ƙafa. Ni ke kai mata harawa, ni ke kai mata dusa da ƙasari, ruwan wankin hatsin nan, 'ya'yan gawo ma ni ke tsinto mata da wannan bayan nawa da ba ya miƙewa. Matar ɗana har tsiya take yi min, wai ko amarya ba a killace ta haka. Na ce, ki yi ta faɗa, naku da kuke saki ma ga ƙarshensu.

Mu gidan da muka tashi ba mu san wani abu wai shi shara ba, irin wadda ake rasa yadda za a yi da ita. Gari bai gama wayewa ba za ka ji taɓarya ta fara daga wannan gida, wancan ya amsa, 'yan mata na lugude suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin ta sauko. Daga rijiya kana jin guga na bugun ruwa, da muryar mata suna yi wa juna ba'a. Damin gero guda idan aka ciro shi daga rumbu, ba abin da ke fita daga gidan a banza. A sussuka, a sheƙe, ƙaiƙayi ya tafi juji. A surfa, dusa ta awaki ce, ƙasari ma nasu ne. Kara a yi darni da shi, in darnin ya tsufa ya shiga murhu, tokar a tace ta a sa a miya, abin da ya rage a zuba juji. Ranar kasuwa mace za ta fita da ƙwaryarta da faifai a kai, da 'yar kwalbar mai da aka ɗaura wa igiya a wuya. Gishirin mangul cikin kaba yake zuwa, daddawa cikin ganye, nama cikin ganyen kalgo. Ka dawo gida ka kwance ƙunshi, ka jefa wa akuya ganyen, ta cinye tana kallonka ko akwai ƙari. Idan bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, maza su zo da jakuna da mangala su kwashe jujin nan kaf su kai gona. Abin da gida ya ci a shekara ya koma inda ya fito, gero ya sake tsirowa a kansa.

Yanzu fa? Matar ɗana za ta kasuwa tana kaɗa hannu, ba ƙwarya ba faifai, ta dawo da leda cikin leda cikin leda. Barkono leda, gishiri leda, mai leda, tumatir leda. Koko da zafinsa yana tururi, leda. Ruwan sha ma, ruwan da Allah ya saukar, an ɗaure shi a leda, mutum ya ciji gefe ya tsotse ya yar a inda yake tsaye, ko sunkuyawa ba ya yi. Haba jama'a! Kuma abin haushin, kai taki gona ba mu bari ba, har yau muna yi, sai dai amalanke ya maye jaki. Abin da ke cikin jujin ne ya sake. A kwashe shi da ledojinsa, da matattun pil, batiran tocila nan, da tsinkakkun takalman roba, a kai a baza a gona ana cewa an kai taki. Ɗana yana noma, hauya na fito da leda, ya girgiza ta ya jefa bayansa, baɗi ya sake tono ta. Na yi magana har na gaji, a ce tsohuwa ta cika mita.

Akwai abin da ya same ni ina yarinya wanda har yau bai bar ni ba. Wata rana na taso daga rijiya da ƙwaryar kakata a kai, na yi tuntuɓe da saiwa, ƙwarya ta faɗi ta tsage tun daga baki har gindi. Na kawo na nuna, ba wanda ya taɓa ni, sai na ɗauka magana ta ƙare, na je na wurga ta a juji. Kakata na zaune tana kaɗi, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ke, je ki ɗauko. Wa ya gaya miki ta gama?" Ranar kasuwa ta sa ni a gaba har wajen gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, na tsuguna ina kallo yana huda da basilla yana zura zare, har tsagar ta haɗu. Ƙwaryar nan ba ta ƙara riƙe ruwa ba, amma ta riƙe gari. Da ɗinkin ya saki ta koma ta dusa. Da ta rabe biyu, rabi ya zama abin shan ruwan kaji, rabi na kwasar toka. Da wannan ma ya karye, sakainar ta zama ta kankare tukunya. Ni dai na ƙi jinin ƙwaryar nan, duk inda na juya a gidan sai na gan ta. Sai da ta zama 'yan gutsattsari, ba abin kamawa, sannan kakata ta miƙo min ta ce, "Yanzu ta gama. Kai ta juji."

Bazarar nan aka kwashe jujin aka kai gayaunar kakata, ɗan filin da take nomawa da kanta. Ita ta nuna inda za a juye mangalar da gutsattsarin ke ciki, gindin wani gawo, ta ce in riƙe wurin a raina. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Wata safiya ta ce in biyo ta. Muka je gindin gawon nan, ta zauna a kan saiwa ta miƙe ƙafa ta ce, "Nemo min ƙwaryata." Na tona da hannu, na tona da kara, na bi nan na bi can, gumi na zuba. Ba komai sai baƙar ƙasa mai laushi da hanyoyin gara. Na ce, Kaka, babu. Ta ce, "Kin duba da kyau?" Na ce wallahi babu. Ta yi dariya har ina ganin dasashinta, ta ce, "To haka nake so ki zauna a duniya. Ki mori abu har ya gama, in kin zubar a zo a nema a rasa." Muna komawa gida ta kwance 'yar akuyar nan daga turke ta naɗa min igiyarta a hannu. Ina jin yadda igiyar ke jan hannuna har yau, 'yar akuya na tsalle tana neman uwarta.

Tun daga ranar ban iya zubar da abin da bai gama ba. Ku shiga ɗakina ku gani, gwangwani, kwalba, tsumma, murfin da ba a san tukunyarsa ba, kowanne da ranarsa. Da leda ta shigo garin nan, da fari sai wanda ya dawo daga ci-rani ke zuwa da ita, har roƙonta ake yi, na ɗauke ta kamar kowane abu. Ai ba ta gama ba, don me za a yar? Duk wadda ta shigo hannuna sai in juya ta, in ɗauraye, in shanya a kan darnin bayan ɗakina, in ta bushe in ninke in sa ƙarƙashin tabarma. Ta ƙuli-ƙuli, ta gishiri, ta mai, ta kifi busasshe, ko an wanke su ƙanshin ba ya fita duka, amma ba komai, sukan yi wani aikin. Don kada akuyata ta kai gare su, can sama nake shanyawa. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, na hana a faskara shi, na kife shi a gindin darnin, shi nake takawa in kai sama.

Bana sai ledojina suka riƙa ɓacewa. In shanya da hantsi, in je barka ko gaisuwa ko in ɗan kishingiɗa da rana, in dawo in tarar da wurin wayam. Na ce iska ce. Na ɗauko wani tsohon shuɗin zanena da ya mutu, na yayyaga shi siri-siri, kowace leda in ɗaure ta a jikin kara da tsumma, ɗauri biyu da ɗan kunne a gefe, irin wanda kakata ta koya min na ɗaure bakin jaka. Ikon Allah, suka ci gaba da tafiya, har da tsumman! Na ce to wannan ba iska ba ce, iska ba ta da yatsu. Na fito tsakar gida na ce wa matar ɗana, in leda kike so ki tambaye ni mana, sai kin bi ta bayan ɗaki? Ta ce, "Iya, ni me zan yi da tsohuwar leda, ga sababbi ana ba ni kyauta?" Na ce, au, kyauta! Shi ya sa kika cika mana gida da su. Ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri, amma ban taɓa muku ba." Ban yarda ba. Kwanaki ina amsa gaisuwarta a ciki-ciki.

Ana cikin haka jikata ta zo hutu. Yarinya ce mai hankali, ba na hana ta wannan, sai dai tun da ta shiga babbar lakwal, makarantar bokon nan, ba ta iya ganin abu ta bar shi. Washegarin zuwanta ta tara mu a inuwa ta ce malamansu sun ce kowane mutum yana barin sawu a bayan ƙasa: itacen da ya ƙona, ruwan da ya ɓarnatar, man da mota ta sha don ta kai shi, da abin da ya zubar ƙasa ta kasa ci. Wai ana iya aunawa, in an auna kuma a rage. Na ce, ke tsaya. Ke kika taso daga Damagaram a mota, kika hau kabu-kabu daga Magarya, ga wayar salula a hannu ga ruwan leda a jaka, ni za ki zo ki auna? Ni da ban sa takalmi ba sai da na yaye ubanki? Ta yi dariya ta ce, "Kaka, na auna nawa tun a can, kuma na san duk gidan nan ba wanda ya kai ni nauyi. Shi ya sa nake son in rage. Ke dai ki bari a gwada." Na ce gwada, ai ni ba ni da abin tsoro.

Ta ajiye kwando a ƙofar kowane ɗaki, ta ce har ta koma, duk abin da mutum zai zubar wanda ba ya ruɓewa ya sa a nasa. Tana zagayawa ta leƙa bayan ɗakina ta ga shanyata. Ta ce, "Kaka, waɗannan fa?" Na ce waɗannan ba shara ba ne, kayan aikina ne, ki fita harkarsu. Ta ce, "Da dai an daina karɓowa gaba ɗaya, ki koma ƙwaryarki." Na ce abin da aka miƙo min in ce ba na so, in bar wa wanda zai yar a hanya? Gara ya zo hannun wanda ya san darajarsa. Ta dubi akuyar, ta dubi darnin, ta ce, "Ba ta kaiwa?" Na ce, akuya mai ciki, da wannan nauyin, fiffike gare ta? Ta wuce abinta. Ni kuwa ban tsaya nan ba. Idan na wuce kwandon uwarta, matar ɗan nawa, na ga leda mai kyau ba huji, zuciyata ba ta bari, sai in zare in kai bayan ɗaki in wanke in ɗaure. Ina yi ina cewa, ga shi har nauyi nake rage mata, ba za ta gode ba.

Da hutun ya kusa ƙarewa ta aro ma'auni mai ƙugiya wajen mai sayen wake, ta rataye a reshen dalbejiyar tsakar gida. Kwandon uwarta ya cika har yana zuba, allurar ma'aunin ta yi ƙasa. Na ubanta pil ne da kwalin sigari da wata tsinkakkiyar roba. Nata na kanta ma ba laifi, ta ɗora tana rufe fuska. Aka zo kan nawa. Na ɗauko shi da yatsa biyu, na kife, na bubbuga gindinsa, ko ƙura ba ta faɗo ba. Wallahi ranar na cika baki. Na ce ku duba da kyau, ku da kuka yi lakwal da ku da ba ku yi ba. Na ba su labarin ƙwaryar kakata daga farko har ƙarshe, ko da yake sun ji shi ya fi a ƙirga. Na ce ni in na tafi, ku zo ku nema, ba za ku sami abin da na zubar ba. Matar ɗana ta ce, "Gaskiya ne, Iya," ta kwashi kwandonta ta shige.

Amma raina ba a kwance yake ba, don 'Yar Ja ta daɗe tana ba ni tsoro. Lokacin haihuwarta ya yi har ya gota. Ciki na nan tirtsitsi, amma hantsa ba ta sauko ba, ƙashin bayanta kuwa ya fito ana ƙirgawa. Ni da na yi rayuwata cikin awaki na san hantsa ba ta ƙarya, amma na riƙa gaya wa kaina wata akuyar sai ranar haihuwa take cikowa. Na jiƙa mata kanwa, na ba ta sassaƙe, na canza harawar wake da ta gyaɗa. Ta shinshina ta kau da kai. Daga baya ta daina tuƙa gaba ɗaya. Washegarin awon nan da safe na je da ƙasari na tarar da ita kwance, ta miƙe wuya a ƙasa. Na kira sunanta, kunne kawai ta motsa. Jikata ta buga wa likitan dabbobi a Dungas, ya yi mata tambayoyi, ya ce in har ta kasa tashi, ko an ɗoro ta a amalanke da wuya ta kai. Ɗana ya ce, "Iya, a kira mahauci kada ta tafi a banza." Na ce ba mai sa mata wuƙa da ɗa a ciki.

Duk da haka ɗana ya kira shi. Mahaucin garinmu dattijo ne, tare muka tsufa. Ya tsuguna ya danna cikin nan ta wannan gefe, ya danna ta wancan, ya daɗe. Ya ce, "Wannan ba ɗa ba ne. Ɗa yana da kai da ƙafa, yana gudun hannu. Wannan abu ne dunƙule, ba ya motsi." Na ce kai dai ka ga nama. Bai ji haushi ba, ya ce, "Kawo hannunki." Ya ɗora hannuna a wurin, na danna. Watanni ina shafa cikin nan ta sama ina yi masa sannu, ban taɓa dannawa ba, don ba na son in ji. Na tashi na juya baya na ce su yi abin da za su yi.

Da aka feɗe ta ya kira ni. Mahaifa wayam, ba ta ma taɓa ɗauka ba. Ya tsaga tumbi, ya sa hannu biyu ya ciro wani abu baƙi, ya kai kabewa, ya murɗe ya cure. Leda ce. Nan take wuta ta kama ni. Na juya kan matar ɗana na ce, ga aikinku nan! Na killace ta, na hana ta gari, na hana ta juji, amma sai da iska ta kwaso ƙazantarku ta kawo mata har turke! Na ce kun kashe min akuyar kakata, ku da ledarku ta kyauta. Ina faɗa, maƙwabta har sun fara leƙowa ta kan darni. Mahaucin ya ɗebo ruwa a buta yana zubawa a kan abin yana warwarewa da bakin wuƙa. Sai ga shuɗi ya bayyana. Ya ƙara ruwa. Tsumma ne siriri, ɗauri biyu da ɗan kunne a gefe. Ya ja, ga wani. Ga wani kuma. Duk dunƙulen nan tsumman zanena ne suka riƙe shi.

Na waiwaya na dubi turmin nan da na kife a gindin darni, sai a lokacin na ga bayansa duk ya karce da kofato. Da shi take takawa, kamar yadda nake takawa. Igiyar da na tsawaita mata don ta ji daɗi, ita ta kai ta. Na jira matar ɗana ta rama, wallahi da ta rama da na fi jin sauƙi. Sai ta zo ta kama hannuna ta ce, "Iya, ku shigo inuwa, rana ta yi zafi." Na ce sake ni. Na shiga na ɗauko kwandona, wanda na kife jiya a gaban kowa, na ajiye a gaban mahauci na ce zuba a nan. Na ce wa jikata, ina ma'aunin naki? Ta ce, "Kaka, bari mana." Na ce ɗauko, ai ke kika ce a auna. Ta rataye, allura ta yi ƙasa, ta wuce inda na uwarta ya tsaya. Ban tambaye ta kilo nawa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Da yamma na ce mata, to malama, yanzu yaya za a yi da shi? A ƙona? Ta ce hayaƙinsa guba ne. A binne? Ta ce yana nan yadda yake har jikokinta. A kai juji? Ta ce ai gona zai koma. Na ce to su malaman naku da suka iya awo, ba su gaya muku inda ake kai shi ba? Ta ce, "Sun ce maganinsa kada a karɓo tun farko." Na ce madalla, sannunku da aiki. Amma ranar kasuwar da ta biyo, da ƙwarya na je, da faifai, da kwalba mai igiya a wuya. Mai gishiri ya auna, hannunsa ya tafi wajen leda da kansa, na daka masa tsawa har ya zabura. Mata na dariya wai tsohuwa ta dawo da zamanin da. Su yi ta yi. Matar ɗana ma na ga ta fara ɗaukar kwano in za ta sayo koko.

Dunƙulen nan na wanke shi na shanya a rana ya bushe ƙamas, yana nan cikin kwando ba ya ragewa ba ya ƙaruwa. Kakata ƙasa ta karɓe ta, ƙwaryarta ma haka, ni ma in lokaci ya yi ba za ta yi gardama da ni ba. Wannan ne na rasa wanda zan bar wa. Ranar da jikata za ta koma, amalanke na jira a ƙofar gida, ta ce, "Kaka, ba ni shi, in kai wa 'yan ajinmu su gani da idonsu." Uwarta ta ce, "Bari in kawo leda a saka." Na dube ta, ta dube ni, ta rufe baki da gefen mayafi. Na duba abin ɗauri ban samu ba sai igiyar 'Yar Ja da ke kan turke. Na kwanto ta, na ɗaure abin tam, na kama hannun yarinyar na naɗa mata don kada ya faɗi a hanya. Sai da na gama naɗawa na ga abin da na yi. Ita ma ta gani. Ta hau, abin na lilo a gefen amalanke har suka sha kwana.

Na koma bayan ɗaki na tsaya a gaban turke. Can matar ɗana ta leƙo da ƙwarya a hannu ta ce, "Iya, ƙasarin yau fa, wa za a ba?"

Na ce, zuba a ƙasa. Wannan dai za ta sha.